Yadda ake warware gardamar rabon riba tsakanin mai jari da mai juya kuɗi

Wata rana bayan La'asar aka kira ni wani zaure a Aboabo, nan Kumasi, saboda na saba riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi. Wani Alhaji ne da ɗan ƙanwarsa. Alhaji ya ba yaron kuɗi ya saro albasa daga Nijar, har sun yi takarda: mai jari yana da kashi 60 cikin 100 na riba, mai juyawa yana da 40, bayan an cire ɗawainiya. Kaya suka iso, aka sayar, rabo ya gagara. Alhaji yana cewa, "Malam, yaron nan ya ci amanata." Yaron kuwa, idonsa ya kaɗa ya yi ja, sai maimaitawa yake, "Wallahi Kawu, ko pesewa ɗaya ban ɓoye maka ba."

Da muka baje takardu a kan tabarma, babu maƙaryaci a cikinsu. Dukansu sun yarda da 60 da 40. Abin da ba su taɓa zama sun yanke ba shi ne, sittin ɗin daga cikin me za a fitar da shi.

Irin wannan zama na sha yin sa, a Asawase da rumfunan Kejetia, kuma da wuya gardamar ta kasance a kan kason kansa. Rabi da rabi, ko biyu da ɗaya, kowa yana tuna wannan. Kalmar "riba" ce ke raba 'yan'uwa, domin kowa da yadda ya ɗauke ta a ransa ranar da aka ƙulla magana, kunya kuma ta hana a yi tambaya. Don haka hanyar da zan bayyana tana farawa daga ma'anar kalmomi, lissafi ya biyo baya. Maganar wa ya cuci wa ita ce ta ƙarshe, in ma an kai gare ta.

Mataki na farko: a tsayar da taɓa kuɗi, a tara shaida

Ranar da gardama ta tashi, kada kowa ya sake cire sisi. Ku je tare ku ƙirga kayan da suka rage, ku rubuta adadin da kwanan wata, kowa ya sa hannu a gaban mutum biyu. Sannan a tattaro duk abin da ya shafi harkar: takardar yarjejeniya in akwai, rasit, takardar mota, takardun kwastan, littafin dillali ko na maigidan da aka sauke kaya a wurinsa, da bayanan shiga da fitar kuɗi na banki da na MoMo, wato asusun kuɗi na wayar salula.

Kada ka goge saƙon WhatsApp ko ɗaya, har wanda kake ganin bai yi maka daɗi ba. Dokar Ghana ta 2008 a kan mu'amala ta na'ura ta ba da damar gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu, kuma sau da yawa muryar da aka tura da tsakar dare daga kan iyaka ita ce ke bayyana abin da takarda ta yi shiru a kansa. In babu takarda sam, kada ka yanke ƙauna. Dokar Kwangila ta 1960, mai lamba 25, ba ta soke yarjejeniya don kawai da baki aka yi ta. Wahalar ita ce tabbatarwa, shi ya sa shaidun da suka ji da kunnensu suke da muhimmanci. A nemo su tun suna tuna maganar.

Akwai abu biyu da za a duba a jikin takardar kanta. Na ɗaya, harshen da aka rubuta ta. Yawancin takardunmu da Turanci ne, alhali dattawanmu da dama ilminsu na Larabci da ajami ne. Akwai tsohuwar doka tun 1912 da ke kare wanda bai iya karanta takarda ba: wajibi ne a karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji, kafin ya dangwala yatsa, mai rubutun kuma ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa a jikin takardar. In mutum ya musa cewa ya fahimci abin da ya dangwala wa, wanda yake dogaro da takardar ne zai nuna cewa an yi masa bayani. Na biyu, harajin hatimi na GRA, hukumar tara haraji ta Ghana. Takardar da doka ta ɗora wa wannan haraji, in ba a buga mata ba, kotu tana iya ƙin karɓarta a matsayin shaida. Lauya ya duba wannan kafin a shigar da ƙara.

Mataki na biyu: wace irin hulɗa ce tsakaninku?

Wannan tambaya ake tsallakewa, kuma ita ce ke yanke wa zai ɗauki asara. Mutanenmu kan ce "muna kasuwanci tare" ga abubuwa huɗu da ba su yi kama ba.

Akwai kiradi: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa da sanin kasuwa. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya ratsa ta babinsa. Ƙa'idarsa a mazhabar Malikiyya ita ce, riba kaso ce da aka sani, kamar rabi ko sulusi. Ba a raba ta sai uwar kuɗi ta dawo tsaba. In aka faɗi ba da sakaci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa.

Akwai tarayya, inda kowa ya zuba jari. A fiƙihun Malikiyya riba da asara suna bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Dokar Ghana ta 1962 a kan tarayyar kasuwanci, mai lamba 152, ta ɗan bambanta: in abokan tarayya ba su yanke komai ba, daidai wa daida suke raba riba da asara. Dokar tana kuma buƙatar a yi wa tarayya rajista, rashin yin ta kuwa yana iya kawo cikas ranar da aka je kotu neman haƙƙi.

Akwai yaron shago ko wakili da ake biyansa da kaso daga riba a madadin albashi. Wannan dokar ta 1962 ta bayyana cewa biyan ma'aikaci da kason riba bai mayar da shi abokin tarayya ba. Ba shi da rabo a jari, ba a kuma ɗora masa faɗuwar kasuwa.

Na huɗu shi ne ya fi damuna. Mutum ya ba ka sidi 50,000 ya ce, "Ka riƙa ba ni 3,000 duk wata a matsayin ribata, uwar kuɗina kuma tana nan ko an ci ko an faɗi." Wannan bashi ne da kuɗin ruwa, ko da an sa masa rigar kasuwanci. Hausa ta haɗa halal da haram a kalma guda, riba ta ciniki da riba ta bashi, kuma mutanen kirki da yawa sun afka ta biyun suna zaton ta farkon ce. Alamar ganewa ɗaya ce: in an ƙayyade adadin kuɗi maimakon kaso, aka kuma lamunce uwar kuɗi, to ba rabon riba ake yi ba.

In kuwa kamfani ne mai rajista a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, mai hannun jari ba ya ɗebar riba da kansa, sai an ayyana rabon ta hanyar da doka da tsarin kamfanin suka tanada. Wannan aikin lauya da akanta ne tun daga farko.

Sunan da aka rubuta a saman takarda ba shi ne hukunci ba. A duba wa ya kawo kuɗi, wa ke yanke shawarar saye da sayarwa, da abin da aka ce zai faru in an faɗi.

Mataki na uku: a karanta takardar gaba ɗayanta, da ƙarfi

Kowa yakan zo da layi ɗaya da ya haddace, wanda ya goyi bayansa. A sa mutum guda ya karanta daga farko har ƙarshe, a fassara sakin layi bayan sakin layi. Kotunan Ghana suna da ƙa'idojin da suke bi wajen fassara yarjejeniya, kuma masu sulhu a zaure za su amfana da su.

Ana ɗaukar kalma da ma'anar da mutane suka saba da ita, sai in takardar ta ba ta wata ma'ana ta daban. Ana fassara kowane sashe ta yadda zai zauna lafiya da sauran, ba a jefar da wani sashe a ce ba shi da aiki. In magana ta gaba ɗaya ta ci karo da wadda aka keɓe, wadda aka keɓe ce ke rinjaye. Misali, an ce "za a cire duk ɗawainiya", can ƙasa kuma an ce "kuɗin rumfa a kan mai jari yake", to kuɗin rumfa ya fita daga ɗawainiyar da ake cirewa. Abin da aka ƙara da hannu aka sa masa hannu ya fi wanda aka buga ƙarfi. In adadi da haruffa ya saɓa da na lambobi, haruffa ake bi. In kuma an yi duk wannan magana ta ci gaba da ɗaukar ma'ana biyu, ana karkata ta ga wanda ba shi ya tsara takardar ba, domin mai alƙalami yana da damar ya fayyace bai yi ba.

Wanda ya ce "ai mun yi magana da baki kafin mu sa hannu" ya sani cewa in takarda ta cika, ba a yarda maganar baki ta rushe abin da ta faɗa ƙarara. Amma Dokar Shaida ta 1975 ta bar ƙofa: ana iya bayyana ma'anar takarda ta hanyar yadda mutanen biyu suka saba hulɗa a baya, da yadda suka aiwatar da wannan yarjejeniyar, da al'adar kasuwar. Wannan ƙofa tana da faɗi. In sau uku a baya an cire kuɗin abincin hanya kafin rabo Alhaji bai ce uffan ba, zai yi wuya ya ce a karo na huɗu ba haka aka yi nufi ba. Al'adar kasuwa kuwa dattawan sana'ar ne shaidunta: shugabannin 'yan albasa, na 'yan goro, na mahauta da dillalan shanu.

A kula da kalmomin aro. In da Batone, ɗan ƙabilar Asante, kuka ƙulla ya ce "abunu" ko "abusa", wato rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ka tuna daga gonar koko kalmomin suka fito, inda amfanin gona ake rabawa. Sai a tambaya: sulusin na wa, kuma kafin cire ɗawainiya ko bayanta? Haka ma tsohon lissafin kuɗi. Tun Yulin 2007 aka sauya sidi, 10,000 na da ya koma 1, amma har gobe akwai dattijon da zai ce ya ba ka "biliyan biyu" yana nufin sidi 200,000. In irin wannan ya fito a saƙon murya, a rubuta shi da sabon lissafi kowa ya amince kafin a ci gaba.

Mataki na huɗu: a yanke ma'anar "riba"

A nan ake daɗewa, kuma ya cancanci a daɗe. Kuɗin kasuwa hawa uku ne. Akwai ciniki, wato duk abin da aka sayar. Akwai abin da ya rage in an cire kuɗin sayen kaya kawai. Akwai kuma tsantsar riba, bayan an cire duk abin da aka kashe don kayan su iso su sayu. Takardun Turanci suna da kalma daban ga kowanne, mai fassara kuma yakan dunƙule su ya ce "riba". A sa shi ya nuna ainihin kalmar da aka rubuta. In "riba" kawai aka ce ba ƙari, abin da 'yan kasuwa suka sani shi ne tsantsar, domin ba a kiran abu riba alhali uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Daga nan sai a bi abubuwan da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin mota, kwastan, dako, la'ada, buhu, haya da harajin kasuwa ba su cika jawo musu ba. Masu jawo shi su ne waɗannan.

Ci da sha da masaukin mai juyawa. A kiradi, in ya yi tafiya saboda kayan kuma jarin mai kauri ne, abincinsa na hanya daga cikin kuɗin yake, gwargwadon abin da aka saba. In yana zaune a garinsu, ba shi da wannan. Kuɗin makarantar 'ya'yansa ko cefanen gidansa ba ɗawainiyar kasuwa ba ne ko kaɗan. Abin da ya ɗauka don su, a rubuta shi a matsayin abin da ya ci daga kasonsa tun kafin rabo.

Albashi. Mai kaso a riba ba ya haɗawa da albashi sai in an faɗa tun farko.

Kuɗin hanya da ba su da rasit. Duk wanda ya bi mota daga kan iyaka ta Tamale da Techiman zuwa Kumasi ya san akwai kashe-kashen da ba a ba da takarda a kansu. Ba daidai ba ne a ƙi su gaba ɗaya, ba daidai ba ne kuma a karɓi duk adadin da aka faɗa. A tambayi direban da mutum biyu da suka yi tafiyar a wannan lokaci, a ɗauki abin da ya yi kama da nasu.

Bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma albasa ba ta sayuwa a Kumasi ba tare da an ba mata masu kasa kaya su sayar su kawo ba. Amma kuɗin da ke hannun mutane bai zama riba ba sai ya shigo. Tambayar da ke yanke hukunci ita ce ko mai jari ya yarda a ba da bashi, da baki ko da shirunsa a tafiye-tafiyen baya. In ya yarda, su biyu za su jira, su biyu za su ɗauki wanda ya mutu. In ya hana aka ba da, wanda ya bayar shi zai biya.

Kwantai. Kayan da ba su sayu ba, ko dai a jira a sayar, ko a yi musu kuɗi da farashin ranar, wanda dillali biyu suka amince da shi. Kada a yi musu kuɗi da farashin da ake fata.

Lokacin rabo. Kowace tafiya da lissafinta, ko sai ƙarshen kaka? In tafiyar farko ta faɗi ta biyu ta ci, bambancin yana da girma. A kiradi, muddin ba a rufe lissafi an mayar wa mai jari kuɗinsa ba, ribar baya tana cike gurbin asarar farko kafin a raba komai.

Canji. An saya da sefa, an sayar da sidi. A yi amfani da farashin da aka yi canjin da shi a zahiri, ranar da aka yi. A shekarar 2022, da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, na ga masu jari da dama suna cewa a mayar musu da darajar kuɗinsu ta ranar da suka bayar. Ina jin zafinsu, amma in da sidi aka ba da jari kuma ba a yi sharaɗin komai ba, adadin sidin ne uwar kuɗi. Ɗora faɗuwar sidi a kan mai juyawa shi kaɗai zalunci ne.

Mataki na biyar: a yi lissafin kowa a gefe, sannan na tsakiya

Ga yadda na Alhaji da ɗan ƙanwarsa ya kasance, na daidaita adadin don sauƙin bi. Jari sidi 200,000. An sayi albasa ta 160,000, mota da kwastan da hanya sun ci 32,000, dako da la'ada da rumfa 8,000. Jari ya ƙare cif. An yi cinikin 260,000, amma 230,000 ne suka shigo, 30,000 suna wurin mata. Daga abin da ya shigo yaron ya cire 4,000 na abinci da masaukin tafiya, ya kuma ɗauki 6,000 ya biya wa 'ya'yansa makaranta. Tsabar da ke hannu 220,000.

A lissafin Alhaji, 260,000 a cire 200,000, riba 60,000, kasonsa 36,000. Da bai ga kuɗin sun cika ba sai ya ce an ci. A lissafin yaron, 220,000 a cire 200,000, riba 20,000, kason Kawu 12,000. Kaso ɗaya, takarda ɗaya, tazarar sidi 24,000.

Da aka bi mataki na huɗu, 4,000 ta shiga ɗawainiya, 6,000 ta koma kan kason yaron, bashin mata aka ajiye shi gefe. Ribar da ta tabbata ita ce 230,000 a cire 204,000, wato 26,000. Alhaji yana da 15,600, yaron yana da 10,400, a cire 6,000 da ya riga ya ci, saura 4,400. Haɗa 200,000 da 15,600 da 4,400, ka ga 220,000 ɗin da ke hannu. Bashin 30,000 in ya shigo, Alhaji 18,000, yaro 12,000.

Da a ce an tabbatar Alhaji ya hana ba da bashi, da sai a ƙirga 30,000 ɗin kamar ta shigo: riba 56,000, Alhaji 33,600. Yaron zai miƙa duk 220,000, ya ciko 13,600 daga aljihunsa, ya bi matan da kansa. Ka ga jimla ɗaya da aka faɗa ko ba a faɗa ba ranar sallama ita ce ta riƙe dubban sidi. A nasu zaman, wani saƙon murya ne ya raba gardama, inda Alhaji da bakinsa yake cewa a ba wata Hajiya buhu goma ta kawo kuɗin ranar Juma'a.

Amfanin rubuta lissafi uku a jere shi ne kowa ya ga ta inda ɗan'uwansa ya bi. Zuciya takan sauka in mutum ya gane cewa wancan ma lissafi ya yi, ba sata ba.

Mataki na shida: in asara aka yi

A raba ƙaddara da sakaci. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, motocin albasa sun maƙale a hanya kaya suka lalace. Wannan ba laifin mai juyawa ba ne. Amma in an ce masa albasa ya je ya sayi wake, ko ya cakuɗa kuɗin da na wani ba izini, ko ya bar kaya a ruwa alhali akwai tamfol, to ya lamunci abin da ya salwanta.

A fiƙihu mai juyawa amintacce ne, ana karɓar maganarsa a kan asara tare da rantsuwa in babu abin da ya ƙaryata shi. A kotu kuwa, wanda ya yi iƙirari shi ke kawo hujja, wanda ya riƙe kuɗin wani kuma wajibi ne ya ba da bayanin yadda ya yi da su. Shawarata ga matasanmu masu juya kuɗin mutane: ranar da kaya suka lalace, ka ɗauki hoto, ka kira mai jari a take, ka sa dillali ya gani. Asarar da aka ɓoye wata biyu, ko gaskiya ce, ta riga ta yi kama da ƙarya.

Mataki na bakwai: ina za a kai maganar?

Ba ofishin 'yan sanda ba, in dai gardamar lissafi ce. Ɗan sanda ba ya fassara yarjejeniya, kuma ranar da ka sa aka rufe ɗan 'yar'uwarka, ka rufe ƙofar sulhu da ta zumunci tare. In akwai hujjar cewa tun farko yaudara ce, babu kaya babu tafiya, wannan laifi ne kuma wurinsu ne.

A fara da shugabannin kasuwa, ko limami, ko fadar Sarkin Zango. Sai dai a san irin zaman da ake shiga. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta bambanta sulhu, inda mai shiga tsakani yake taimaka muku ku daidaita da kanku, da hukuncin gargajiya, inda kuka miƙa wuya a yanke muku. A na biyun, in kun yarda da son ranku kun biya ɗan abin da ake biya na zama, ba a janyewa a tsakiya, hukuncin ya hau kanku, ana kuma iya yi masa rajista a kotu a zartar da shi. Don haka kafin ka ajiye kuɗin zama, ka tambaya a fili: "Ranka ya daɗe, sulhu za a yi mana ko hukunci?" Ku kuma faɗa tun farko ko da ƙa'idar kiradi kuke so a duba maganar, domin kotun gwamnati da dokar ƙasa take aiki, tana waiwayar fiƙihu ne kawai in an nuna shi kuka gina yarjejeniyarku a kai. In takardarku ta ce a je sasanci kafin kotu, wannan sharaɗi yana aiki.

In ya zama dole a je kotu, girman kuɗin ne ke nuna wacce. Tun 2020 kotun gunduma tana sauraron ƙarar da ta kai sidi 500,000, kotun da ke sama da ita har miliyan 2, abin da ya haura sai Babbar Kotu. Sashenta na kasuwanci, wanda aka fara a Akara a 2005 kuma akwai shi a Kumasi, yakan fara da zaman neman daidaitawa kafin shari'a. Kotu tana da ikon sa a yi cikakken lissafi, har ta naɗa akanta. Tana kuma iya ɗora kuɗin ruwa a kan abin da aka riƙe maka, wanda ba ya so saboda addini ya gaya wa lauyansa tun wajen rubuta ƙara.

Kada kawaici ya cinye maka lokaci. Dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1972 ta ba da shekara 6 a kai ƙarar yarjejeniya ta yau da kullum. In wanda kake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki, ƙirgen yana sabuntawa.

Mataki na takwas: a rubuta abin da aka daidaita a kai, a ranar

Kada a tashi da "Allah ya kiyaye gaba" kawai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Takardar sulhu ta ƙunshi uwar kuɗi, jerin ɗawainiyar da aka amince da ita, ribar da ta tabbata, abin da kowa ya riga ya karɓa, abin da ya rage da ranar biyansa, sunayen masu bashi da wanda zai bi kowanne, da abin da za a yi in wani bashin ya mutu. A rubuta cewa wannan ya rufe duk wata magana a kan wannan tafiya. A karanta da Hausa, mai fassara ya rubuta sunansa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya tafi da kwafinsa.

A zauren Aboabo an kira Magariba muna kan jerin sunayen matan. Bayan salla Alhaji ya ce a ƙara layi huɗu saboda tafiya ta gaba: abincin hanya kada ya wuce adadi kaza a rana, bashi kada ya haura buhu kaza ga mutum ɗaya sai an kira shi, duk abin da yaron zai ɗauka don gida ya turo saƙo a rubuta, rabo kuma sai mako biyu bayan sayar da buhun ƙarshe. Yaron ya ce a ƙara na biyar, cewa in kaya suka lalace a hanya ba da sakacinsa ba, ba za a bi shi uwar kuɗi ba. Alhaji ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya ce, "Rubuta, Malam."